Kishi a Bakin Mawaƙa: Daga Tsakar Gida Zuwa Latin Amurka

Gabatarwa

Wata ranar Asabar da safe ina zagayen duba tsabta a ɓangaren kwanan 'yan mata, sai na iske layin bokitai a bakin famfo. Wata yarinya 'yar aji biyar tana wanke kwano tana rera waƙa. Ba ta dubi kowa ba, ba ta kuma kama sunan kowa ba. Kafin ta kai ƙarshen baiti na biyu, sai wata ta ajiye bokitinta ta yi kanta. Da ƙyar aka raba su. Da muka zauna bincike, mai waƙar ta ce, "Malama, ni fa waƙata nake yi." Ɗayar ta ce, "Malama, da ni take." Dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Asalin rigimar kuwa wani yaro ne da ya rubuta wa kowacensu takarda. Shi a lokacin yana can filin ƙwallo, bai ma san ana yi ba.

Wannan abu ne ya sa na zaɓi in yi nazari tare da ku a kan jigon kishi da rikicin masoya a cikin waƙa. Za mu fara daga gida, watau ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, sa'an nan mu ƙetare teku zuwa ƙasashen Latin Amurka, inda mawaƙa suka yi suna a kan wannan jigo. Nufina shi ne ɗalibi ya iya sauraron irin waɗannan waƙoƙi da hankalinsa, ba da kunne kaɗai ba.

Mene ne kishi?

Kalmar kishi tana da fuska biyu a Hausa. In an ce mutum yana da kishin ƙasarsa, ko yana da kishin zuci, to, yabo ne. Watau ba ya son abin da yake nasa ya wulaƙanta. Amma in an ce kishi ya motsa wa wance, kowa ya san ba alheri ake nufi ba. Wannan na biyu shi ne zafin da mutum yake ji sa'ad da ya ga wani yana neman raba shi da wanda yake ƙauna.

Kishi ya bambanta da hassada. Mai hassada yana baƙin cikin abin da ke hannun wani, mai kishi kuwa yana tsoron rasa abin da ke hannunsa. Saboda haka mutum biyu sun ishi hassada, amma kishi sai da mutum uku. Ku riƙe wannan lissafi, gama za mu komo kansa.

Harshen Hausa ya tanadi kalmomi da yawa domin wannan al'amari. Daga kishi aka sami kishiya. Akwai uwargida da amarya. Akwai mowa, wadda miji ya fi so, da bora, wadda ya yi wa ko-in-kula. Akwai faccala, watau matar wan miji ko ta ƙanensa, da kishin saurin da ke tsakaninsu. Akwai kayan faɗar kishiya, waɗanda miji yakan ba uwargida in zai ƙara aure. 'Ya'yan kishiyoyi kuma su ne 'yan uba, daga nan aka sami 'yan ubanci. A karin magana ana cewa, "Kishi kumallon mata," ana kuma cewa, "Ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu." Yawan kalmomin nan ya nuna mana cewa Bahaushe ya daɗe yana fama da abin, ya kuma daɗe yana lura da shi.

Waƙar kishi a tsakar gida

Kafin injin niƙa ya yawaita a ƙauyukanmu, mace takan shafe sa'o'i a bakin turmi tana surfe ko daka, ko kuwa a durƙushe gaban dutsen niƙa. Aikin yana da nauyi, waƙa ce take rage shi. Ƙarar taɓarya ita ce kiɗa, in mata biyu ko uku suka haɗu a turmi ɗaya sai lugude ya tashi.

A nan ne matar da aka ɓata wa rai takan fitar da abin da ke cinta. Kunya ba ta barinta ta tsaya gaban miji ko uwar miji ta yi ƙorafi, don haka sai ta sa maganar cikin waƙa. Za ta yi magana a kan wata kaza mai barbaɗa, ko a kan wata mace da ba ta iya tuwo ba, alhali kuwa kowa a gidan ya san inda aka dosa. Wannan shi ne habaici, watau a yi da mutum ba tare da an kama sunansa ba. Zambo kuwa ya fi shi kaifi, domin shi siffanta mutum ake yi da munanan kamannu don a muzanta shi. Masu shirin jarrabawar Hausa su lura da wannan bambanci, gama yakan fito a ɓangaren adabin baka.

Habaicin tsakar gida yana da iyakoki uku. Na ɗaya, ba a kama suna, saboda haka akwai ƙofar janyewa. Na biyu, 'yan gida kaɗai ke ji, in ya yi nisa maƙwabta. Na uku, kusan kullum akwai wata tsohuwa a kusa wadda za ta gane cewa wuta ta kama, ta kira su ta sulhunta. In daka ta ƙare, waƙa ta ƙare. Sau da yawa baki ne yakan huce wa hannu, abin da da zai zama kokawa sai ya tsaya a waƙa.

Daga turmi zuwa kaset

Layin dogon da ya iso Ƙaura Namoda a 1929 ya taso ne daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau. A Funtuwar nan ne aka yi mawaƙiyar da ta fitar da muryar tsakar gida zuwa bainar jama'a, watau Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, wadda ta rasu a watan Maris na 2013. Kiɗanta amada ne, na ƙwarya, wadda ake kifa wata a kan ruwa a kaɗa. Mata ne masu amshi, mata ne kuma masu sauraro a gidajen biki da suna. Ta yi wa kishiya waƙa mai cike da habaici, ta faɗi abin da mata da yawa ke ji amma ba su iya furtawa. Sai dai ba nan ta tsaya ba. A waƙoƙinta irin su "A Kama Sana'a Mata" da "Sakarai Ba Ta da Wayo" ta matsa wa mata su nemi na kansu. Wannan hikima ce, domin rabin kishin tsakar gida ba a kan soyayya yake ba, a kan cefane ne da sutura da makomar 'ya'ya. Macen da ke da 'yar sana'arta ba ta cika rasa barci don an ba wata turmin zane ba.

Ɗanmaraya Jos, mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, shi ta wata hanya ya bi. A "Jawabin Aure" ya duba saɓanin miji da mata, a "Gulma Wuya" kuma ya nuna yadda mai kai-komo da magana yake rushe abin da wasu suka gina. Shi bai ɗauki ɓangare ba, matsayin mai nasiha ya tsaya.

Da finafinan Hausa na Kano suka bunƙasa a shekarun 1990, sai jigon ya sami sabon gida. Sun ɗauki salon finafinan Indiya na soyayyar mutum uku da waƙar amsa-amsa tsakanin namiji da mace. Fim ɗin "Sangaya", wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, labarin ɗan sarki ne da ya so yarinya mai aikin gidan sarauta alhali ga wadda gida ya zaɓa masa. Daga lokacin kishi ya sauya fili. Da tsakanin matan aure aka fi jin sa, yanzu ya shigo tsakanin samari da 'yan mata, watau ya iso kanku.

Maza ma suna kishi

Karin maganar da ta ce kishi kumallon mata ne ba ta faɗi gaskiya duka ba. Wanda ya san waƙoƙin fada na ƙasarmu ya san haka. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali ta ƙasar Shinkafi, makaɗin kotso ne na Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Shi da Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, in suna yabon sarki ba su rasa yi wa 'yan sarki masu jiran gado habaici da zambo. Su wane ne waɗannan 'yan sarki? Sau da yawa 'yan uba ne. Watau kishin da ya tashi daga ɗakunan iyaye mata shi ne ya girma ya sa rawani ya zo fada. Haka nan waƙoƙin Kassu Zurmi na 'yan tauri cike suke da zuga namiji kada ya yarda wani ya fi shi. In mace ta yi, mu ce kishi. In namiji ya yi, mu ce jaruntaka ko kishin kai. Sunan ne ya bambanta.

Ƙetaren teku

Latin Amurka ita ce ƙasashen da ke kudu da Amurka, irin su Meziko da Kolombiya da Ajantina, inda mafi yawa ake magana da Sifaniyanci. Al'adarsu ba ta auren mace fiye da ɗaya ba ce, amma hakan bai raba su da kishi ba. A wurinsu mutum na uku ba kishiyar tsakar gida ba ce, farka ce ta waje. Suna kiran kishi "celos", suna kuma da kalmar "despecho" domin haushin wanda masoyi ya yaudara. A Kolombiya har akwai rukunin waƙoƙi da ake kira da wannan suna. Bari mu duba misali huɗu.

Na farko, Pimpinela. Waɗannan wa ne da ƙanwarsa daga Ajantina, Joaquín da Lucía Galán. Sun yi suna tun daga 1982 da waƙar "Olvídame y Pega la Vuelta". Salonsu shi ne su mai da waƙa wasan kwaikwayo: namiji ya dawo yana roƙo, mace tana korarsa, suna musayar magana kamar masu faɗan gaske. Duk wanda ya saba da waƙar amsa-amsa ta finafinan Hausa zai gane salon nan take.

Na biyu, Paquita la del Barrio ta Meziko, wadda ta rasu a watan Fabrairu na 2025. Ana iya kiranta Barmanin ƙasarsu, domin matan talakawa ne suka ɗauke ta bakinsu. Amma akwai bambanci babba. Ita ba kishiya take wa zambo ba, namijin da ya ci amana take wa. Sunan shahararriyar waƙarta, "Rata de Dos Patas", ma'anarsa ɓera mai ƙafa biyu.

Na uku, "El Preso Número Nueve", ta Roberto Cantoral na Meziko, wadda mawaƙiyar Amurka Joan Baez ta sake rerawa a 1960. Labarin wani fursuna ne da za a kashe domin ya kashe matarsa da abokinsa da ya same su tare. An kawo masa limamin coci, ya amsa laifinsa, amma bai yi nadama ba. Karin waƙar yana da daɗi ƙwarai, har mai sauraro yakan sami kansa yana tausayin mai kisan, ya manta da gawa biyu.

Na huɗu, Shakira ta Kolombiya, wadda da yawanku kuka sani ta waƙar "Waka Waka" ta gasar cin kofin duniya da aka yi a Afirka ta Kudu a 2010. Ta zauna shekara 11 da Gerard Piqué, tsohon ɗan wasan bayan Barcelona, suka haifi 'ya'ya biyu, suka sanar da rabuwarsu a watan Yuni na 2022. A watan Janairu na 2023 ta fitar da waƙa tare da makaɗin Ajantina Bizarrap. A ciki ta kwatanta kanta da agogo da mota masu tsada, sabuwar budurwarsa kuma da masu araha, ta kuma saƙa sunayensu a cikin wasu kalmomi yadda kowa zai gane. An kalli waƙar fiye da sau miliyan 60 a YouTube cikin kwana ɗaya, ta kuma ci kyautar waƙar shekara ta Latin Grammy a watan Nuwamba na 2023. Wannan habaicin bakin turmi ne sak, sai dai an rushe katangar gidan, duniya duka tana ji.

Amfanin waƙar kishi

Kada mu yi saurin cewa waƙoƙin nan duka sharri ne. Suna ba wanda aka zalunta murya. Suna sanar da mai baƙin ciki cewa ba shi kaɗai ba ne. Suna kuma tona rashin adalcin da ake rufewa da sunan kunya. Miji mai hankali in ya ji matarsa tana irin wannan waƙa, ya san akwai abin gyara a gidansa. Waƙar kishi kamar zazzaɓi take, alama ce cewa akwai ciwo a wani wuri.

Tarko uku

Duk da haka akwai tarko uku da nake so ku gane.

Tarko na ɗaya shi ne mai da kishi ma'aunin ƙauna. Waƙoƙi da yawa, namu da nasu, suna koya cewa wanda bai yi kishinki ba ba ya sonki. Daga nan yarinya takan ɗauka cewa saurayin da ke binciken wayarta, yana hana ta gaisawa da 'yan ajinsu, yana yi mata tsawa, shi ne mai sonta da gaske. Ba haka ba ne. Wannan mallaka ce, kuma wanda ya fara ta tun ana zance ba ya dainawa bayan aure.

Tarko na biyu shi ne mantawa da mutum na uku. Mun ce kishi sai da mutum uku, amma ku ƙirga mutanen da ake zagi a yawancin waƙoƙin, za ku tarar mace ce take zagin mace. Wanda ya yi alkawari biyu, ko ya fifita ɗaki ɗaya a kan ɗaya, ya fita salin alin, kamar yaron nan da ke filin ƙwallo. Labarin Hannatu da Feninna a littafin Sama'ila na fari ya nuna haka. Muna tuna tsokanar Feninna, amma mukan manta cewa Elkana ya nuna a fili wadda ya fi so. Haka gidan Yakubu: fifikon da ya nuna wa Rahila a kan Lai'atu bai tsaya kansu ba, ya gangaro kan 'ya'yansu har aka sayar da Yusufu. A nan Paquita ta fi mawaƙa da yawa gaskiya, gama ta nuna inda ciwon yake.

Tarko na uku shi ne sa wa mugunta zuma. Waƙar fursunan Meziko misali ce. Kiɗa mai daɗi yana iya sa ramuwa ta yi kama da jaruntaka. Mu kuwa mun sha jin labari a rediyo na wadda ta watsa wa kishiya tafasasshen ruwa, ko saurayin da ya daɓa wa abokin takararsa wuƙa. Ba waƙa ce ta riƙe hannunsu ba, amma zuciyar da aka daɗe ana zugawa ba ta da wuyar tunzura. Ku tuna Sarki Saul. Waƙar da matan Isra'ila suka yi bayan an kashe Goliyat, wadda ta fifita Dawuda a kansa, ita ce mafarin ƙiyayyar da ta bi shi har ƙarshen ransa.

Kada kuma wani a cikinmu ya ce, "Ai mu mace ɗaya muke aure, wannan ba matsalarmu ba ce." Mutanen Latin Amurka ma haka suke, ga shi kuwa sun cika duniya da waƙar kishi. Faccaloli suna nan, uwar miji da matar ɗa suna nan, zargi tsakanin miji da mata yana nan.

Abin da ya sauya a zamaninku

Iyakoki ukun nan na tsakar gida sun faɗi. Yau yarinya takan ɗora baitin habaici a WhatsApp ko TikTok, wani lokaci har da hoto. Ba 'yan gida kaɗai ke ji ba, makaranta duka ce da garin. Babu tsohuwar da za ta sulhunta, sai 'yan kallo masu ƙara wa wuta fetur. Kuma waƙar ba ta ƙarewa da ƙarewar daka, tana nan a wayoyin mutane bayan fushin ya wuce. Shakira ta sami kuɗi da kyauta daga nata habaicin. Ɗalibar da ta kwaikwaye ta ba abin da za ta samu sai abokiyar gaba da takardar kiran iyaye.

Kammalawa

Ba na ce ku daina jin waƙa ba. Abin da nake roƙo shi ne, duk sa'ad da kuka ji waƙar kishi, ta Hausa ce ko ta waje, ku yi mata tambaya uku. Wa take ɗora wa laifi, kuma shi ne mai laifin? Me take cewa a yi, a yi magana ne, a haƙura, a rabu, ko a rama? In na bi shawararta, ina zan kasance bayan shekara biyar?

'Yan matan nan biyu na bakin famfo, da aka ajiye takardun biyu a kan tebur suka karanta, sai suka ga kalmomin iri ɗaya ne, suna kaɗai aka sauya. Ɗayarsu ta fara dariya, ɗayar ta bi. Ranar Litinin yaron ne ya amsa kira a ofis. Allah ya ba mu kunnen ji da zuciyar rarrabewa.

Tambayoyi don nazari

1. Bayyana bambancin kishi da hassada, da kuma na habaici da zambo, tare da misali ɗaya ɗaya.
2. Kawo iyakoki uku na habaicin tsakar gida. Wanne ne a ganinka rashinsa ya fi yin illa a yau?
3. Kwatanta Barmani Choge da Paquita la del Barrio. A ina suka yi kama, a ina suka bambanta?
4. Ta yaya kishin kishiyoyi yake komawa 'yan ubanci? Yi amfani da waƙoƙin fada wajen ba da amsa.
5. Aikin hutu: ka sami kakarka ko wata tsohuwa a unguwarku, ka roƙe ta ta rera maka waƙar daka ko ta niƙa guda biyu. Ka rubuta su yadda ta faɗa da karin harshenta, ka tambaye ta lokacin da ake yin su da dalili, ka kawo wa malamin Hausa a makon farko na sabon zango.